Farin Goshin Ambaliya: Abin da Iska Ke Yi Idan Ruwa Ya Doki Gini

Ambaliya iri biyu ce ke cin Yola da Jimeta, kuma ba halinsu ɗaya ba. Ta farko ta kogin Binuwai ce. Idan damina ta yi nisa aka buɗe ƙofofin madatsar Lagdo da ke Kamaru, wadda aka kammala a 1982, ruwa yakan yi kwanaki yana hauhawa, ya cika fadama, ya haɗe da tafkin Geriyo, sannan ya fara leƙa unguwannin da ke gangare. Haka aka gani a 2012, aka sake gani a 2022, kuma madatsar Dasin Hausa da aka daɗe da tsara ginawa a ƙaramar hukumar Fufore don ta tare wannan ruwa har yau ba ta tabbata ba. Duk da ɓarnarsa, wannan ruwan yakan yi sallama kafin ya shigo. Mutum yana iya kafa tsinke a bakin ruwa da magariba, da safe ya duba ya ga inda aka kwana.

Ta biyu ba ta sallama. Ita ce irin wadda ta auka wa Yola ta Kudu cikin daren da ya wayi Lahadi, 27 ga Yuli 2025, bayan an tafka ruwan sama na sa'o'i, ta ratsa unguwar Shagari da Sabon Pegi da Yolde Pate da Modire, ta yi ajalin fiye da mutum 20, ta kwantar da katangu da ɗakuna masu yawa. Wannan ruwan a guje yake zuwa, kuma da duka yake fara gaisawa da gini.

Duk wanda ya taɓa ganin irinsa yana gangarowa a lungu zai lura cewa goshinsa da jikinsa ba launinsu ɗaya ba. Jikin ja ne saboda laka, goshin kuwa fari-fari, yana tafasa yana gurnani. Wannan farin iska ce. Ruwan baya ya fi na gaba gudu, sai ya riƙa hawa kansa yana kifewa, kowace kifewa kuma yana haɗiye iska. Ya faɗo daga bakin kwalbati, ya ƙara haɗiya. Ya ci karo da tarin duwatsu ko gindin bishiya, ya ƙara. Hatta ƙarar da ake ji daga nesa, mafi yawanta ta ƙwayoyin iskar nan ce da ke karkarwa a cikin ruwa. Tambayar da injiniyoyi suka kwashe shekaru fiye da 80 suna yi ita ce: wannan iska rage ƙarfin dukan take yi, ko ƙara shi?

Ba ta wajen nauyi take aiki ba. Ruwan da ya cika akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi nauyinsa tan ɗaya ne, daidai da buhun siminti 20. Iska kuwa ruwa ya fi ta nauyi sau kusan 800. Saboda haka in kashi 1 ko 2 cikin 100 na ruwa ya zama kumfa, abin da ya ragu a nauyi bai taka kara ya karya ba. Inda iska ke da tasiri shi ne wajen matsuwa. Ruwa zalla kusan ba ya matsuwa ko kaɗan, iska kuwa da an danna ta take shigewa.

Ana gane wannan ta gudun sauti. A cikin ruwa zalla sauti yana tafiyar mita kusan 1,500 a daƙiƙa ɗaya, a cikin iska kuma kusan 340. Mutum zai zaci in an gauraya su biyun za a sami wani abu a tsakiya. Ba haka ba ne. Ruwan da kashi 1 kacal cikin 100 nasa iska ce, gudun sauti a cikinsa yakan faɗo zuwa mita 100 da 'yan kai, in kuwa rabi da rabi ne ba ya kaiwa mita 30. Dalili shi ne gaurayen ya ɗauko nauyin ruwa, ya kuma ɗauko laushin iska. Wani masanin sauti ɗan Ingila, A. B. Wood, ya bayyana lissafin a littafinsa na 1930, kuma har yanzu da shi ake aiki.

Me ya haɗa sauti da katangar gida? Lokacin da goshin ruwa ya yi karo da bango, ruwan da ya taɓa bangon yakan tsaya cak, amma na bayansa bai san an tsaya ba sai labari ya iso masa, kuma labarin da gudun sauti yake tafiya. Gwargwadon saurin labarin, gwargwadon yawan ruwan da zai tsaya a lokaci guda, gwargwadon tsananin dukan. A lissafin takarda, ruwa zalla mai gudun mita 3 a daƙiƙa, in ya haɗu da bango fuska da fuska babu komai a tsakani, matsinsa na iya kaiwa nauyin tan 450 a kan murabba'in mita ɗaya. A zuba masa iska kashi 1 cikin 100, sai adadin ya sauko zuwa tan 30 da wani abu. Raguwar ta fi ninki goma. Waɗannan alƙaluma iyaka ce ta ƙoli, ba a cika kai musu ba a zahiri, kuma ko an kusanto su a ɗan ƙaramin wuri ne na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Amma sun nuna cewa 'yar iska kaɗan tana sauya lissafi ƙwarai.

A nan ne mutane da yawa ke tsayawa su ce ashe kumfa rahama ce. Ni dai ba zan yi saurin faɗin haka ba. Ruwan da ya taho a guje dole ne wani abu ya tsayar da shi, kuma bangon ne zai yi wannan aiki, da kumfa ko babu. Nauyin ruwan yana nan, gudunsa yana nan. Abin da iska ta yi kawai shi ne ta rage kaifin dukan ta ƙara masa tsawon lokaci, ta kuma baza shi a wuri mai faɗi. Ta mai da naushin ɗan dambe ya koma turin ɗan kokawa. Naushi yana fasa gilashin taga, ya ɓalle sakatar ƙofa, ya tsaga bulo ɗaya. Amma katanga mai tsawon mita 10 tana da nauyin da ba ta motsawa cikin ƙiftawar ido, jimillar abin da aka ɗora mata take lissafawa. Turin da ya daɗe shi ke ba ta lokacin lanƙwasa har ta karye daga gindi. Ga siririyar katangar bulo inci shida wadda babu rodi a cikinta, sassaucin da kumfa ta kawo ba abin dogaro ba ne.

Akwai kuma wata iskar da ba kumfa ba. Wani lokaci goshin ruwa yakan lanƙwaso samansa ya riga gindinsa isa bango, sai ya rufe wani ƙunshin iska tsakaninsa da ginin. Mutumin da ya fara bin diddigin wannan sosai shi ne Ralph Bagnold, injiniyan sojan Ingila, wanda aka fi sani da binciken yadda iska ke kwasar rairayi a hamadar Libiya. A 1939 ya yi gwaje-gwaje a wani dogon kwamin ruwa, ya ga cewa matsi mafi tsanani yana fitowa ne idan igiyar ruwa ta danne ƙunshin iska a jikin bango, kuma gwargwadon sirantar iskar, gwargwadon zafin dukan. In ƙunshin babba ne yakan sassauta, in siriri ne ruwan ya matse shi nan take, matsin ya yi tashin gwauron zabo.

Iskar da aka matse kuma ba ta zama shiru. Takan turo ruwan baya, ta buɗe fiye da yadda take, ruwan ya sake danno ta, ta sake buɗewa, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. A lokacin buɗewar, matsin da ke fuskar bangon yakan sauka ƙasa da na iskar da muke shaƙa, wato bangon ana tura shi ne ana kuma tsotso shi. Masu bincike na jami'o'in Plymouth da Bristol, ciki har da Geoffrey Bullock da Howell Peregrine, sun auna wannan a jikin tsohuwar katangar tare teku ta tsibirin Alderney, suka kuma gwada shi a babban kwamin gwaji na Hanoba a Jamus mai tsawon mita kusan 300. Sakamakon da suka buga a 2007 ya nuna cewa yawan iska yakan tsawaita dukan, kuma ba kullum yake hana shi yin tsanani ba. An kuma daɗe da lura cewa a irin waɗannan katangu na bakin teku wasu manyan duwatsu ba ciki suke faɗawa ba, waje suke fitowa, wajen da ruwan ya doko su. Matsin yana kutsawa ta tsaga ya shiga bayan dutsen, sannan lokacin da na gaba ya sauka, na baya ya turo shi.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma gine-ginenmu ba su rasa tsaga ba. Bulon da ake bugawa a Jimeta da sauran garuruwanmu mai rami ne a ciki, ramukan cike da iska. Sau da yawa birkila yakan shafa siminti a kwance ya bar gaɓar tsaye da ɗan abin da bai kai ya kawo ba, filasta ta rufe asiri. Ga ramin da mai famfo ya huda, ga tsagar da ta taso daga kusurwar taga. Duk waɗannan ƙofofi ne da duka ke bi ya shiga cikin bangon. Shi ya sa bayan ambaliya za ka ga filasta ta ɓamɓaro falle guda ta faɗo ta wajen da ruwa ya zo, alhali bulon yana tsaye.

Amma a yi wa magana adalci: Binuwai ba teku ba ne. Yawancin wannan bincike a kan igiyar teku aka yi shi, kuma ruwan gishiri yana riƙe ƙananan ƙwayoyin iska su daɗe, na kogi kuwa ƙwayoyinsa sukan haɗe su zama manya su fice da wuri. Farin kumfar da ke yawo a saman ruwa bayan ya lafa, wadda sabulu da ruɓaɓɓen ganye ke haifarwa, ita ma ba ta cikin wannan lissafi. A ambaliyar Lagdo mai hawa sannu a hankali, batun duka da kumfa kusan babu shi. Inda yake da muhimmanci a wajenmu shi ne bakin kwalbati, da kwanar lungu mai gangara, da gidajen da aka gina a kan tsohuwar hanyar ruwa, sai kuma wuri guda da mu da kanmu muke ƙirƙira.

Wurin nan shi ne bayan katanga. A sababbin unguwanni kowa yakan zagaye filinsa da bulo tun kafin ya sa harsashin ɗaki, katanga na jingine da katanga, babu inda aka bar wa ruwa. Idan ruwa ya gangaro ya tarar da ta farko, sai ya taru a bayanta. Ruwa mai zurfin mita ɗaya, ko motsi ba ya yi, yana tura kowace mita ta tsawon katanga da nauyin rabin tan. In zurfin ya ninka, turin ba ninkawa yake yi ba, sau huɗu yake komawa: tan 2 a kowace mita. Katangar da aka yi don ta kare gida daga idon mai wucewa ba za ta ɗauki wannan ba. Takan fara da kumburi a tsakiya, ruwa ya riƙa tsartuwa ta gaɓoɓin bulo, sannan ta kwanta gaba ɗaya. A wannan daƙiƙar ruwan da ya taru ya zama ƙaramar madatsa da ta ɓalle. Yana fitowa da farin goshi, ɗauke da guntayen bulo, ya doki bangon ɗakin maƙwabci. Daga nan ya taru a bayan katanga ta gaba, a sake sabon lale. Su kuwa guntun bulo ko gungume ko gangar da ruwa ya ɗauko, kumfa ba ta rage musu komai na a zo a gani.

Ga masu ginin ƙasa, iska tana da wata ɓarnar dabam, kuma kowa na iya ganinta a tsakar gidansa. A samo ɓangoren busasshen tubali a jefa shi cikin kofin gilashi mai ruwa. Nan da nan za a ga ƙananan ƙwayoyin iska suna fitowa daga jikinsa jere-jere, in aka kasa kunne a ji yana 'yar tsuwa. Sai gefensa ya fara zubewa gari-gari, ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Abin da ke faruwa shi ne busasshiyar ƙasa cike take da ƙananan kafofi masu iska. Ruwa yana shiga ta kowane gefe a lokaci guda, ya tare iskar a ciki ya matse ta, ita kuma ta fasa ƙasar don ta sami mafita. In aka sake gwadawa da ɓangoren da aka ɗan dausasa tukuna, za a ga ya fi jurewa. Wannan ne ya sa ambaliyar ba-zata ta fi illa ga bangon ƙasa: gindinsa yana narkewa cikin ɗan lokaci, nauyin sama kuma yana nan, sai ɗakin ya zauna a kan na ciki. Maganin da magina suka sani tuntuni shi ne dutse ko siminti a gindi, a ɗaga shi ya wuce inda ruwa ya saba kaiwa, sannan a ɗora ƙasa.

Iskar da ruwa ya rufe a ƙarƙashin wani abu kuma ɗagawa take yi. Ƙunshin iska mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi da ke cikin ruwa yana turo sama da ƙarfin tan ɗaya. A guguwar Katrina ta 2005 a Amurka, ruwa ya taso ƙarƙashin tagwayen gadar da ta ratsa tafkin Pontchartrain kusa da New Orleans, iska ta maƙale a tsakanin ginshiƙan kwance da ke ƙarƙashin daɓen gadar, ta taimaka wajen rage wa manyan sassan kankare nauyi har igiyar ruwa ta ture su daga mazauninsu. A gidajenmu abin da ke fuskantar wannan shi ne tankin ruwa ko na mai da aka binne, da ramin sokawe. Tanki mai cin lita 10,000 in babu komai a cikinsa, ƙasar da ke kewaye da shi ta cika da ruwa, tan 10 ne ke ƙoƙarin tumɓuko shi. Haka nan rufaffiyar magudana: in ruwa ya cika ta farat ɗaya, iskar da ke ciki takan matsu ta yi jifa da murfin kankare, ta bar rami a tsakiyar hanya wanda ba a gani a ƙarƙashin jan ruwa.

Wani abu kuma da ya kamata samari masu ninƙaya su sani: farin ruwa ba ya ɗaukar mutum kamar yadda ruwa zalla ke yi. A gindin kwalbati ko inda ruwa ke faɗowa, iskar na iya yin yawan da jiki ba zai taso ba, hannu kuma ba ya samun abin turawa. Gwanin da ya saba ƙetare Binuwai yana iya nutsewa a wurin da bai fi faɗin ɗaki ba.

To me za a yi? Babban abin da binciken nan ke nunawa shi ne ruwa da iska duka mafita suke nema, kuma ginin da ya ba su hanya ya fi wanda ya tare su tsira. Gwaje-gwajen da Davide Wüthrich da abokan aikinsa suka yi a Lozan ta Suwizalan sun nuna cewa gwargwadon yawan kafofin da ke jikin gini, gwargwadon raguwar ƙarfin da igiyar ambaliya ke ɗora masa. A Amurka ma ƙa'ida ce: a yankin ambaliya, rufaffen sashen da ke ƙarƙashin gida dole a bar masa kafa aƙalla biyu, inci ɗaya murabba'i ga kowace ƙafa murabba'i ta daɓe, kuma gindin kafar kada ya fi ƙafa ɗaya daga ƙasa.

A wajenmu fassarar wannan ita ce layin farko ko na biyu na katangar tsakar gida. A kwantar da wasu bulo a gefensu ramukan su kalli waje, ko a bar tagogi a gindi a gitta musu rodi, a ɓangaren da ruwa ke shigowa da kuma ɓangaren da zai fita. Na san abin da maigida zai ce: maciji zai shigo, kaji za su fice, kuma ina amfanin katangar da ke shigo da ruwa? Raga tana maganin na farko da na biyu, muddin ana share ta kada leda ta toshe. Na uku kuwa, ruwan da ya kai ƙugu zai shigo ko an so ko ba a so. Zaɓin da ya rage shi ne ya shigo ta kafa yana malala, ko ya shigo da katangar a gabansa. Idan zurfin ciki da na waje suka yi daidai, turin da ke kan katangar ya kusa zama babu. Sai a haɗa da ginshiƙin kankare mai rodi kowace mita 3 ko ƙasa da haka, a cika ramukan bulon layukan ƙasa da kankare don kada su zama ɗakunan iska, a cika gaɓar tsaye da siminti yadda ya kamata, a toshe tsaga kafin damina. Ɗakin kwana kuma daɓensa ake ɗagawa, ba kafa ake huda masa ba. Wannan ba aikin gida ɗaya ba ne, domin kafar da ka bari cikin gidan wani za ta zuba. Magana ce ta mai unguwa da masu ba da izinin gini, a zauna a fitar wa ruwa hanya tun daga saman layi har ƙasa.

Bayan ruwa ya janye ma akwai sauran aiki. Na waje yakan riga na cikin gida sauka, sai turin ya juya, katangar da ta tsira da daddare ta faɗo kan hanya da rana. A buɗe wa na ciki hanya da wuri, kada kuma a bar yara su zauna a gindinta. A bi bangon ɗaki ana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma: inda ya yi amo kamar fanko, filasta ta rabu da bulo, a ɓamɓare a duba abin da ke baya. Tankin da aka binne da ramin sokawe kuwa kada a yi gaggawar kwashe su. A duba rijiyar da ke kusa tukuna, in ruwanta yana nan a sama kusa da baki, ƙasar ba ta tsane ba, a jira ya sauka.